Sista Irene, Mai Ƙirga Kwanakin Azuminmu

Kafin 'yan makaranta su fara wucewa, Sista Irene ta riga ta share barandar asibitin sha-ka-tafi na garinmu, ta yayyafa ruwa, ta fito da bencin nan mai gajeruwar ƙafa ta tokare shi da dutse. Sai ta ɗora ruwan wanke kayan aiki a risho, ta gyara farin ɗankwalinta, ta zauna jiran wanda Allah zai kawo. Masu ciki ne ke fara zuwa, sai masu goyo da zazzaɓi, sai manomin da fartanya ta sara. Haka take tun da ta zo daga Filato tare da mijinta Malam Gregory mai koyarwa a sakandare, a shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, lokacin da ko auduga sai mara lafiya ya sayo da kansa. Shekara talatin da biyar ke nan. A ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki ta koma gida.

Wasu za su yaba mata kan haihuwar da ta karɓa, kuma sun yi gaskiya, don samarin garin nan da yawa a hannunta suka faɗo. Ni ba wannan zan rubuta ba. Sunana Uwaliya, ina sayar da ƙuli-ƙuli a Garo. Karatuna bai wuce na yaƙi da jahilci ba, abin da ke kaina kawai zan faɗa. 'Ya'ya maza biyu Allah ya ba ni. Ɗaya yana ƙasa. Ɗayan yana numfashi, kuma bayan ikon Allah, wannan matar ce sanadi.

Ƙwaya ba da sunan iskanci ta shigo mana ba, da sunan aiki ta shigo. Samarinmu suna tafiya ƙwadago gonakin Masanawa da Unguwar Tudu, aka gaya musu wanda ya haɗiyi tiramol zai yi huɗar kwana biyu a yini ɗaya bai ji bayansa ba. Daga nan sai maganin tarin nan na kwalba, sai wata ƙwayar ta sa barci. Ɗan farina yana cikinsu. Na sani. Uwa tana gani a ido, tana ji a nauyin harshe. Amma maigidana Malam a Islamiyya yake koyarwa, kuma tun da aka ƙaddamar da Shari'a kowa ke kaffa-kaffa da sunan gidansa. Yaron da aka kama da ƙwaya, kafin a kai shi gaban alƙali sunan ubansa ya zaga gari. Sai na yi shiru, na bar abin ga addu'a.

Da azumin wata shekara ya zo, yaron ya ajiye komai. Kwanakin farko ya sha wuya, gumi da rawar jiki da gudawa, amma ya daure. Zuwa goman ƙarshe kumatunsa sun ciko, yana bin babansa wurin tafsiri. Na ce Allah ya amsa.

Ranar Sallah ya sauko daga idi, ya ci tuwo, ya fita da sabuwar shaddarsa. Azahar ba ta yi ba sai ga abokinsa Jalo da wani sun riƙo shi, ƙafafunsa suna jan ƙasa.

Jalo ya ce, "Inna, gajiya ce. Mun ba shi madara, mun zuba masa ruwa. Barci zai yi ya ware."

Suka kwantar da shi rigingine a ɗakinsa na bakin zaure, suka ja ƙofa. Ba a jima ba dangin Malam suka cika tsakar gida da barka da Sallah. Sai munshari ya fara fitowa daga ɗakin, mai ƙarfi, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Kunya ta kama ni. Na miƙa hannu na ƙara muryar rediyo don kada baƙi su ji.

Ban shiga ba. Ɗan fari ne. Mu haka muka tashi: uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban surukai. Tunda ya girma ban taɓa zama a ɗakinsa ba. Gab da la'asar munsharin ya tsaya, na ce alhamdu lillahi, ya sami barci mai daɗi. Malam ne ya shiga tashinsa salla. Ya tarar rai ya yi halinsa, ya fito ya zauna a ƙasa a bakin zaure.

Muka ce wa mutane ciwon zuciya ne.

Ranar sadakar uku Sista Irene ta zo da mayafinta, ta zauna cikin mata har kowa ya watse. Sannan ta matso.

"Inna Uwaliya, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Sista."

"Zan tambaye ki abu, ki yafe mini. Ya yi munshari?"

Babu wanda ya yi mini wannan tambayar. Na gaya mata komai, har rediyon. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi mini ƙaryar lallashi ba.

Ta ce, "Wannan ba barci ba ne. Numfashi ne yake neman hanya yana rasawa. Kin kira shi?"

Na ce, "Ban taɓa kiran sunansa ba."

Ta riƙe hannuna. Can ta ce shi ne na uku da ta gani a shekara biyu, kuma dukansu ranar Sallah ne ko washegari. "Na daɗe ina juya abin. Ba masu taurin kai ne ke tafiya ba, waɗanda suka yi ƙoƙari ne. Sun bari wata guda, jikinsu ya manta, sai su koma su sha adadin da suka saba. Ba wanda ya gaya musu. Ni ma da na gane, ban je na gaya musu ba. Wannan laifina ne, ba naki ba."

Da azumi ya zagayo, Sista ta fara abin da ya sa nake wannan rubutu. A goman ƙarshe, bayan la'asar, ta rufe asibiti ta nufi gindin mangwaron da ke bayan injin niƙa, inda samarin suke zama. Ta ce a duk shekara wannan ne lokacin da za ka same su idonsu biyu, cikinsu ba komai, kunnensu a buɗe. Jalo ne ya ba ni labarin zuwanta na farko.

Ya ce da suka hango ta wasu har sun miƙe za su gudu. Shi ya daure ya ce, "Mama, ko musulunta kika yi, kika zo mu kai ki tafsiri?"

"Kai Jalo, ni na yanke maka cibiya. Matsa in zauna."

Ta zauna a kan saiwar mangwaro ta tambaye su, ba da faɗa ba, yadda suke gane mutum ya wuce ƙima. Kowa ya kawo tasa. Wani ya ce su sun san awonsu, jikinsu ya saba. Wani ya ce sabon shiga ne ke faɗuwa, ko wanda bai ci abinci ba. Wani ya ce in abin ya yi yawa, madara da manja suna karya shi. Wani kuma ya ce, "Mama, ai ajali ne. In kwana ya ƙare ko kunu ka sha sai ka tafi."

Ta ce, "Ɗan Malam sabon shiga ne? Bai ci tuwo ba? Ba ku ba shi madara ba?"

Jalo ya ce daga nan ta juyo gare shi.

Sai ta kama hannunsa ta juya tafin. "Ina kantar da ke nan da damina?"

"Ta tafi, Mama. Mun kwana biyu ba mu riƙe garma ba."

"Ranar da ka koma gona ka yi aikin da ka saba, me hannun zai yi?"

"Bororo zai yi, ya fashe."

"To cikinka ma yana da kanta, kuma azumi ya cire ta. Sai dai shi ba bororo yake yi ba."

Ta ce musu wanda ya iya kwana talatin zai iya talatin da ɗaya, kuma duk mai son bari gaba ɗaya ya zo, za ta tsaya masa. Wannan ta fara faɗa, kuma kowace shekara da shi take farawa. Amma ta san ba duka za su ji ba, ba ta kuma yi kamar ba ta sani ba. Ta ce wanda zuciya ta rinjaya, kada ya koma wa tsohon awonsa, kada ya haɗa wannan da wancan, kada ya shiga ɗaki shi kaɗai ya sa sakata. A cikinsu a sami mutum ɗaya da ba zai taɓa komai ba a ranar, ya zama mai gadin sauran.

Sannan ta yi abin da har yau ake labari. Mace mai shekarunta, da farin kayan aikinta, ta kwanta a ƙasa rigingine ta ce, "Na faɗi. Ku cece ni." Suka fashe da dariya. Ta ce, "Kuna dariya, ni kuma ina mutuwa." Sai da Jalo ya durƙusa ya kira ta da ƙarfi, ya murza ƙirjinta da gaɓoɓin yatsu yadda ta nuna, ya juya ta a kan gefe, ya ɗaga haɓarta. Ta sa kowannensu ya yi wa ɗan'uwansa. Ta hana su ɗura wa wanda ba ya amsawa komai a baki. Ta ce, "Ku kawo mini shi a guje. Ba zan tambayi wanda ya sayar ba, ba zan aika gidan kowa ba. Ni ba 'yar sanda ba ce."

Maganar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Wasu dattawa suka kai ƙara wurin mai unguwa cewa tana koya wa yara yadda ake shaye-shaye, kuma ina ruwan Kirista da azuminmu. Aka kira zama. Ban je ba, maƙwabcinmu ne ya ba matarsa labari, ita ta ba ni. An ce Sista ta tsaya ta ce, "Ranka ya daɗe, ban ba kowa ƙwaya ba, ban ce kowa ya sha ba. Ku ci gaba da wa'azi, ina bayanku. Ni dai so nake wa'azin ya same su da rai."

Ana cikin ka-ce-na-ce sai Malam ya miƙe, mutumin da tun rasuwar ɗansa ba ya magana a taro. Ya ce, "Jama'a, na gaya muku ciwon zuciya ne ya kashe ɗana. Ba shi ba ne. Ƙwaya ce, bayan ya azumci wata cur. Ni na wanke shi da hannuna. Da ya ji abin da matar nan take faɗa, wataƙila da yana da sauran damar tuba. Ku bar ta." Daga ranar ba a sake kiran zama ba. Limaminmu ma, a Juma'ar ƙarshe ta azumi, yakan ƙara 'yan kalmomi a kan haka.

Sista, ke ce wadda ba ki azumi amma kin fi mu ƙirga kwanakinsa. Ke ce kike tare mu a hanya kina tambaya, "Yau nawa ga wata?" Lokacin da wasu 'yan'uwanki suka tattara kaya suka koma gida don tsoron abin da Shari'a za ta zo da shi, ke kika ce masu cikin da kike dubawa ba su haihu ba tukuna. Ranar Sallah hutu ce ga kowane ma'aikaci, amma ke tun shekarar da kika fara zuwa gindin mangwaro ba ki taɓa rufe ƙofa ba. Kina zaune a baranda da 'yar jakar robar nan ta hura numfashi a gefenki, kwanukan tuwon Sallah da mata suka aiko miki jere a kan benci.

Shekara huɗu bayan haka na fara ganin irin idon nan a fuskar ƙaramin, Lukuman. Lokacin an hana sayar da maganin tarin, komai ya yi tsada, wasu ƙwayoyi suka shigo waɗanda ko masu sha ba su san ƙarfinsu ba. Wannan karon ban yi shiru ba. Na tafi wurin Sista. Ta shimfiɗa tabarma a ɗakin awo ta kwanta, ta sa na juya ta har sau uku, sai da hannuna ya iya. Da na dawo gida na ɗauki guduma na cire sakatar ɗakin bakin zaure.

Lukuman ya tarar da ni ya ce, "Inna, ɓarayi fa?"

Na ce, "Me za su ɗauka, takalmanka masu wari?"

Shi ma ya ajiye da azumi. Shi ma kumatunsa suka ciko. Kowa yana murna, ni kuwa kowace rana ta wuce sai gabana ya ƙara faɗuwa.

Abin da ban sani ba shi ne, Jalo ya rantse babu wanda zai ba ƙanen abokinsa ko ƙwaya ɗaya a gindin mangwaro. Don haka Lukuman ya samo tasa a wani wuri, ya shiga ɗaki shi kaɗai bayan saukowa daga idi.

Tsakar gida cike take, yayar Malam, Hajiya Asta, tana zaune a kan darduma tana ba da labarin Makka. Ina zuba miya sai na ji shi. Sautin nan ne, bai canja ba ko kaɗan. Na saki ludayi a cikin tukunya.

Hajiya ta ce, "Uwaliya, lafiya? Bar yaro ya huta mana."

Ban amsa ba. Na tura ƙofa na shiga, na kira sunansa da muryar da ban san ina da ita ba. Bai motsa ba. Na murza ƙirjinsa, shiru. Leɓɓansa sun yi toka-toka. Na juya shi a kan gefe, na ɗaga haɓarsa, na fita ƙofar gida ba mayafi, a gaban masu yawon Sallah, na ce, "Ƙwaya ɗana ya sha, ku kira mini Jalo."

Ranar Jalo ne mai gadi, bai taɓa komai ba. Ya zo da babur, wani ya rungume Lukuman a baya, ni na bi su da ƙafa. Kafin in isa Sista ta ture kwanon tuwo, ta ɗora masa robar a fuska tana matsawa, ta yi masa allura. Ta sa aka tsayar da mota, muka nufi babban asibiti a Gwarzo. Tun daga Garo har muka isa hannunta bai bar matsa jakar nan ba, tana yi tana cewa, "Lukuman, ba yau ba. Ka ji ni? Ba yau ba."

Bayan la'asar ya buɗe ido. Ya dube ni ya ce, "Inna, ina mayafinki?"

Sista ta warware nata ta yafa mini. Ta ce masa, "Kai ka cire mata shi. Sai ka yi ƙwadago ka sayo sabo."

Ba zan yi ƙarya don labari ya yi daɗi ba. Lukuman ya bari ya koma har sau biyu, kuma duk sau biyun Sista ba ta kore shi ba, ta dai tuna masa cewa kantar ta tafi. Yanzu shekararsa uku bai taɓa ba. Yana aiki a injin niƙa, yana da 'yar da ta fara tafiya. Jalo har yau yana fama da kansa, ya rage bai daina ba, amma mutum biyar na sani da ya juya a kan gefe ya kai asibiti. An yi rashin wani yaro a wajen Kabo wanda labarin bai kai gare shi ba, Sista ta yi kwana biyu ba ta iya cin abinci. A garinmu dai, tun zamanta na farko a gindin mangwaro, ba mu sake binne saurayi ranar Sallah saboda wannan ba.

Shekaranjiya na same ta tana ɗaure kwalaye. Na ce, "Sista, ga azumi saura wata biyu. Wa zai je gindin mangwaro?"

Ta ce ta koya wa sabuwar ma'aikaciyar komai, jakar robar ma ta bar mata, kuma ta yi alkawarin zama ranar Sallah. "Amma yaran ba su san ta ba. Ke suka sani. Ke za ki je."

Na ce, "Ni da ban yi boko ba?"

"Da boko kika juya Lukuman?"

Na gaya wa Malam, ya ce in je. Hajiya Asta, wadda ta yi wata uku ba ta gaishe ni saboda na tona asirin gida, ta aiko cewa za ta raka ni, amma ita ba za ta kwanta a ƙasa ba saboda gwiwa. Na ce ni zan kwanta.

Sista Irene, uwar gindin mangwaro, na gode. Lukuman ya gode, 'yarsa ma za ta gode in ta yi wayo. Allah ya kai ki gida lafiya, ya ba ki hutun da kika hana kanki, ya sa naki 'ya'yan su sami mai tsaya musu yadda kika tsaya wa namu.

Ku kuma ma'aikatan asibiti, kada ku jira a kawo muku, ku taka ku je inda suke zama. Malamai, ku yi wa'azin bari, sannan ku ƙara da abin da zai tsare ran wanda bai bari ba tukuna. Iyaye mata 'yan'uwana, ranar Sallah ku rage muryar rediyo. In kun ji munsharin da ba ku saba ji ba, ku shiga, ko surukai sun cika gida, ko ɗan fari ne.

Nawa ɗan farin ya yi shekara ashirin da uku a duniya ban kira shi ba ko sau ɗaya. Sunansa Najmuddeen. Allah ya jiƙansa. Ku kira naku da ƙarfi, tun suna iya amsawa.